Rasuwar 'Yar Naɗe a Kan Kaskon Turare

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har baki, ni Halfan bin Sulayyim, mai gidan da ke ƙarshen magudanar ruwa a ƙauyen Sahma, nake sanar da mutanen dutse da na kwari, da waɗanda suka tare a birnin Maskat suka bar mu da awaki, rasuwar bindigata wadda aka fi sani da 'Yar Naɗe. Ta rasu ranar Babbar Sallah bayan la'asar, a zauren Zahran bin Hamud, ba tare da doguwar jinya ba.

Da hannuna na rubuta wannan. Wanda ya ga rubutun ya karkace ya yi haƙuri, karatun allo kaɗai na yi. Kada kuma wani mai kaifin baki ya ce Halfan ya zautu. Na san ƙarfe ba shi da rai, ba kuma sallah za a yi mata ba. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Marigayiya ta shigo gidana a shekarar da na rasa abu biyu: matata Shamsa, Allah ya jiƙanta, da ƙarfin kafaɗata ta dama. Bindigar da na gada wurin mahaifina, mai gindin itace da zobban azurfa, ta gagare ni ɗagawa. Ranar Sallah maza suka jeru a bakin kwari suna harbin ƙwai, ni kuwa aka shimfiɗa mini tabarma cikin masu shan gahawa, waɗanda ba a tambayarsu komai sai lafiyar gwiwa. A ƙasarmu namijin da ya fita daga sahun harbi ya fara mutuwa, sauran sai a hankali.

Sai ɗana Hilal ya zo daga birni da wata 'yar jaka, ya ajiye a gabana.

"Baba, ga wannan. Ba ta da nauyi."

Na leƙa. Na ce, "Ina sauranta?"

"Ita ke nan, Baba. Buɗe ta ake yi."

Ya kama ta da hannu biyu, ta ce ƙyas, ta miƙe ta zama bindiga. Gindinta baƙar roba, bakinta siriri kamar kara. Na ce masa ya mayar wa yaron da ya ƙwace wa. Ya yi dariya, ya sumbaci goshina, ya kama hanya kafin magariba, domin aiki ba ya jira, uba ne ke jira.

Ta kwana a kusurwa ban kalle ta ba. Da gidan ya yi mini shiru da yawa, na ɗauko ta. Daga ranar ba mu rabu ba.

Ina shaida cewa marigayiya mai sauƙin kai ce. Ba ta kai nauyin kaza ba. Idan an naɗe ta, ta shige jakar da nake zuba dabino, in hau dutse da ita bayan awaki, hannu ɗaya a sanda, ba nishi. Ba ta taɓa naushin kafaɗata ba, ita da ta san inda ciwon yake. Ba ta da tsawa. Idan ta yi magana tas take cewa, gajere, kamar mai gyaran murya a masallaci, ko akuya ba ta ɗaga kai. Ruwan sama bai kumbura mata gindi ba, gara ba ta ci ta ba. Ba a raina allura, ƙarfe ce.

Amma ni ba na cikin masu yi wa mamaci ƙarya, ita ma ba ta son haka. Tana da aibu. Rashin nauyin nan da ya cece ni, shi ne kuma cutarta. Bindiga mai nauyi takan zauna a hannu kamar dattijo a zaure. Ita kuwa iska kaɗan ta taso daga kwari sai ta fara rawa, har bugun zuciyata tana ji tana amsawa. Harsashinta ƙarami ne, ba ya son nisa, idan tafiya ta yi tsawo sai ya sunkuya. Gaɓar nan da take naɗewa ma ba ta da alkawari: yau ka saita ta daidai, gobe ka buɗe ta ka tarar ta ɗan karkata hagu, sai ka sake lallashinta. Ba ta da kwarjini. Ba a saɓa ta a kafaɗa a shiga rawar maza da takubba, sai a yi maka dariya. Na taɓa kai ta wurin maƙerin azurfa ya yi mata zobe ko ɗaya, kada ta ji kunya cikin tsara. Ya juya ta, ya juya, ya ce, "Baban Hilal, azurfa ba ta kama roba. Kuma in na ɗaure ta, ta daina naɗewa." Na dawo da ita tsirara yadda ta zo.

Wanda ya fi kowa sanin waɗannan aibu shi ne Zahran bin Hamud. Tare aka yi mana kaciya, tare muka yi kiwo, kuma cikin sa'anninmu mu biyu kaɗai ƙasa ba ta karɓa ba tukuna. Shi ya raɗa mata suna. Ranar da ya fara ganinta ya dafe gemu ya ce, "Halfan, wannan almakashin fa? Aski ka koma yi?"

Na ce, "Karen bana shi ke maganin zomon bana."

Ya ce, "Wannan ko ɓeran bana ba ta kashewa. 'Yar naɗe kawai, kamar tabarmar baƙo."

Kowace Juma'a bayan an sauko, yakan biyo magudanar ruwa da tasa bindigar a kafaɗa, tsohuwa mai nauyi kamar taɓarya, mu zauna a gindin magaryata mu kafa farin dutse a ƙetaren kwari. Tasa ta ce daram, dutse ya amsa, tsuntsaye su tashi, farin dutsen nan yana nan zaune. Idonsa ya daɗe da yin hazo, amma ba ya yarda.

"Na same shi?"

"Ka sami Sahma gaba ɗaya, dutsen ne kawai ya tsira."

"Ƙarya kake, tsohon banza. To sa 'yar tarin taka ta yi tari mu ji."

Tawa ta ce tas. Wani lokaci ta samu, wani lokaci iska ta ɗauke. Mu yi musu har gahawa ta huce. Wannan ita ce Juma'ata. Sauran kwanakin mako, muryar da nake ji a gidana ƙyas ɗin nan ce, idan na buɗe ta in goge, in naɗe, in sake buɗewa ba don komai ba.

Ga yadda ajali ya zo. Kowa a Sahma ya san al'adarmu: bindigar da ta fasa ƙwai ranar Sallah ita ce babbar baƙuwa a gidan mai masauki. Bayan an ci naman da aka gasa a rami, an sha gahawa da halawa, an zaga da ruwan wardi, sai a ɗora ta a kan katakon da ake turara tufafi, a sa kaskon lubban a ƙasa, a lulluɓe da alkyabba, ta sha ƙamshi kamar amarya. Tun kakanni haka ake yi, kuma itace da ƙarfe ba su taɓa kuka ba.

'Yar Naɗe ba ta taɓa samun wannan girma ba, kullum iska ke hana ta. Bana iska ta kwanta. Samarin da suka zo daga birni suka harba suka kuskure. Zahran ya harba, ya tsorata jakin wani. Na durƙusa, na riƙe numfashi, ta ce tas, ƙwai ya tarwatse. Wallahi na ji an kira sunana da ƙarfi a bakin kwarin nan, abin da na manta daɗinsa.

Zahran ne mai masaukin bana. Ya karɓe ta da hannu biyu, bayan na cire harsashi, ya ce, "Kawo ta nan. Na zage ta shekara da shekaru, yau sai ta sha turaren da ba a taɓa yi wa wata ba." Ya cika kasko da garwashi har ya yi tozo. Ya zuba lubban mai kyau, wanda yake ɓoyo. Ya ɗora ta a naɗe, ƙugunta daidai kan wuta, ya lulluɓe da alkyabbarsa ta ulu. Muka koma hira. Ana ta ba ni hannu, ni kuma kaina ya yi girma.

Hanci ne ya fara ba da labari. Wani ya ce, "Wa ke ƙona taya?" Aka yaye alkyabba. Gaɓarta ta narke ta zubo kamar kakin zuma, gindin ya lanƙwashe ya manne da bakin. Na ɗauke ta da gefen rawanina. Da ta huce na gwada buɗe ta. Ba ta ce ƙyas ba. Ba ta ce komai ba. Garin neman gira aka rasa ido.

Zahran ya matso da fuskarsa kusa da ita, yana shafawa da yatsa, don bai gani sosai ba. Ya ce, "Halfan, ta ɗan yi zafi ne ko?" Na sa ta a jakar dabino na tafi gida.

Tun daga ranar bai tako gidana ba. Juma'a ta zo, na dafa gahawa ta mutum biyu, na zauna a gindin magarya har inuwa ta ƙetare kwari. Wata Juma'ar ta sake zuwa. A masallaci sai ya tsaya a can ƙarshen sahu, liman na yin sallama ya zari takalmi kamar wanda ya bar tukunya a wuta. Ya aiko mini da tulun zuma, na mayar. Ya aiko da bunsuru, na mayar. An ce yana ta cewa Halfan ya yi fushi. Halfan bai nemi diyya ba. Zuma ba ta musu, bunsuru ba ya ce mini tsohon banza. Zumunta a ƙafa take.

Marigayiya ta bar ni, mai ita. Ta bar jakar dabino wadda har yanzu take riƙe da siffarta. Ta bar tsumman goge ta, da 'yar kwalbar mai, da ragowar harsashi marayu waɗanda ba su shiga kowace bindiga a Sahma. Ta bar babbar yayarta, bindigar mahaifina, a rataye a bango, wadda nake gaisarwa da ido kawai. Ta bar Hilal, wanda ya bugo waya ya ce, "Baba, kada ka damu, zan aiko da wata." Na ce masa kada ya aiko. In zai kawo da ƙafarsa ya kwana biyu, wannan wata magana ce. Ta kuma bar wani makahon tsoho a tsallaken masallaci, wanda ya fi kowa zaginta, ya kuma fi kowa girmama ta. Ban ambaci suna ba a nan. Kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake.

Ga tsarin jana'iza. Ƙarfenta na hukuma ne, zan kai shi ofishin 'yan sanda tare da takardarta ranar da motar kasuwa ta sauka, domin ni ba na wasa da doka. Abin da ya rage na gindinta za a binne a gindin magaryata, wajen da take fuskantar kwari, ranar Juma'a mai zuwa bayan an sauko daga masallaci. Na riga na haƙa ramin. Za a zauna karɓar gaisuwa a wurin, akwai gahawa da dabino. Ba a buƙatar kuka. Kada kowa ya zo da turare.

Na faɗa cewa ba ta kai nauyin kaza ba, kuma gaskiya ne. Amma a garinmu mutum ɗaya ba ya ɗaukar gawa, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ba zan sa ta a rami ba sai wanda ya turara ta ya zo ya kama ɗaya gefen. In bai zo wannan Juma'ar ba, ramin zai jira ta gaba, ni ma haka, na saba.

Kuma in zai zo, ya zo da taɓaryar nan tasa. Shi ido ya tafi, kafaɗa na nan. Ni kafaɗa ta tafi, ido na nan. Ya durƙusa ya ɗauki nauyin, ni in duba in ja kunama. Farin dutsen yana nan inda muka bar shi, ban taɓa shi ba.