Ranar Da Na Gasa Bandiri a Ƙurɗuba

Ba zan taɓa mantawa da wata Lahadi ta ruwan sama a birnin Ƙurɗuba na ƙasar Sifaniya ba, kuma ko na yi niyyar mantawa, ƙannena da ke nan Madina ba za su bari ba. Har yau in aka sa turaren wuta a gidanmu, sai wani ya ɗaga murya ya ce, "A kawo bokiti kusa, Yaya na nan."

A Madina aka haife ni. Babanmu mutumin Kano ne, karatu ya kawo shi, daga baya ya zama mai kula da wata gonar dabino a Awali. Umma 'yar Damagaram ce, duk unguwarmu an san ta da haɗa turaren wuta. Ni ban gaji ko ɗayansu ba. Kawu Sale na gada, ƙanin Umma, mai buga bandiri a bukukuwan aure (mutanen nan duf suke ce masa). Tun ina ƙarami nake zama kusa da kaskon gawayinsa, domin bandirin fata in ya sha sanyi sakin jiki yake yi, ka buga ka ji kamar katifa ka daka. Sai an kara shi a wuta, ana juyawa ana shafa shi da tafin hannu, sannan muryarsa ke dawowa.

Ciwona na biyu littattafan soyayya ne. 'Yan ƙananan nan na Larabci da ake sayarwa a shagunan titin Sulɗana, da na Hausa da suka fara fitowa a lokacin, waɗanda alhazai kan zo mana da su a ƙasan jaka. Na karanta su har na gaskata cewa duk saurayin da ya sauka baƙuwar ƙasa, akwai wata mai dara-daran idanu da ke jiransa a bakin taga, ba ta da wata sana'a sai jiran.

Da ƙyar da roƙo Baba ya bar ni na tafi wata makarantar kiɗa a Alƙahira. A shekarata ta ƙarshe, can cikin shekarun tamanin, makarantar ta tura wasunmu koyon aiki a ƙasashen waje, ni kuma na faɗa hannun wata ƙaramar ƙungiya a Ƙurɗuba mai yin kiɗan Andalus irin na da. Da na biyo gida yin sallama, Baba ya kira ni gona, ya zaunar da ni a bakin kwalbatin ruwa.

"Ka saurara da kyau, ya waladi. Ɗan baffanka ya samo maka gurbi a matatar mai ta Yanbu, na ce a dakata. Ka je can. In suka ce ka iya, na sa maka albarka. In suka koro ka, halas, shi ke nan, ka rataye gangar nan ka hau motar Yanbu. Mun yi?"

"Mun yi, Baba."

 Sai da na buɗe akwatina a Sifaniya na tarar Umma ta cusa mini ƙaramin kasko, da ƙullin gawayi, da kwalbar turarenta mai ƙarfin nan da take haɗa wa amare.

Shugaban ƙungiyar sunansa Don Ramiro, gajeren dattijo mai faɗan tsiya. A Maroko aka haife shi, don haka yana jin Larabci irin na can, da shi muke magana. Bai taɓa kirana da sunana ba, sai "Madani", wato ɗan Madina. Ya ba ni wani ɗan ɗaki a saman tsohon gidan wasan da suke aiki. Ni da na zo da mafarkin tsayawa gaban jama'a ina kiɗa mata na share hawaye, sai ga ni ina jera kujeru da goge ƙurar kayan kiɗa. Bandiri kuwa suna da makaɗinsu, wani dogo marar magana mai suna Pako, ko taɓa kayansa ba a bari in yi.

Sannan akwai Pilar, mawaƙiyarsu. Idanun nan dai da littattafai suka yi mini alkawari, ga su nan reras. Ranar farko ta gaishe ni da kalma ɗaya ta wuce. Daga kalmar nan ɗaya na gina gida, na dasa lemo a tsakar gidan, har na raɗa wa 'ya'yanmu suna (na fari Zuhairu, in mace ce Wallada). Sau biyu ina sakin kujera a ƙafar makaɗin gogen ƙungiyar saboda kallonta. A na biyun Don Ramiro ya kira ni gefe.

"Madani, makarantarku ta ce makaɗi ta aiko mini. Ni dai mai kallon mawaƙiya na gani. Bayan wasan Lahadi zan yanke shawara, ko ka zauna ko ka koma."

Na kwana ina jin warin matatar Yanbu a hancina.

Duk makon nan ruwa ake yi, irin ruwan da ɗan Madina bai taɓa gani ba, ba ya tsayawa ba ya gajiya. Ranar Lahadi bayan azahar mutane suka fara cika zauren, suna kaɗe lema a bakin ƙofa. Ni kuwa na ci ado: farar jallabiyata ta Idi, wadda na ajiye tun daga gida don ranar da Pilar za ta gane ko ni wane ne. Ina ɗakin da ke bayan labule, inda ake ajiye kaya, Pako ya shigo ya ɗauki babban bandirinsa ya buga. Katifa! Ya sake bugawa, katifa dai. Ya yi tsaki irin nasu, ya ajiye, ya fice da sauri.

Zuciyata ta ce, "Ka ga ya karaya ya gudu. Yau ce ranarka." A littattafan da na karanta, a daidai nan ne jarumi yake ceton kowa ba tare da ya yi shawara da kowa ba. Na haura ɗakina a guje na sauko da kaskon Umma, na rufe ƙofa don kada wani ya riga ni samun lada, na hura gawayi. Tagogin duk a rufe suke saboda ruwa, rufin ɗakin kuma katako ne tsoho (wannan sai daga baya na lura). Na kara bandirin a wuta yadda Kawu Sale ke yi, ina juyawa ina shafawa. Ba a jima ba na ɗan taɓa shi da yatsa, ya amsa mini da murya mai zurfi, har cikin ƙirjina.

Da a nan na tsaya, da wataƙila an yafe mini. Amma sai na tuna ta ƙofar nan Pilar za ta bi ta hau dandamali. Yaya za a yi ta wuce ta ji ƙaurin gawayi kawai? A gidanmu ba a karɓar babban baƙo sai da turare. Na buɗe kwalbar amare. Umma da bakin cokali take ɗiba. Ni na cika tafin hannu na zuba, na ƙara wani don soyayya.

Hayaƙi ya tashi fari fat, mai kauri kamar auduga. Ban damu ba, mu da muka saba shigar da kai cikin hayaƙin nan ranar Juma'a. Na ci gaba da juya bandirina ina murmushi, ban san hayaƙin ya bi ta ƙarƙashin ƙofa ya ratsa labule ya shiga zaure ba. Can na ji hayaniya da ƙarar kujeru. Wallahi na ɗauka tafi ake yi, har na ce a raina mutanen nan sun san ƙamshi. Sai da na ji wata mata ta ƙwala ihu, "Fuwego!" Kalmomin da na iya na yarensu ba su da yawa, amma wannan na san ta. Wuta.

Kafin in miƙe aka banko ƙofa. Tsohuwar da ke kula da gidan ce, da bokitin ruwan da ta gama goge daɓe da shi. Ba ta tambayi kowa komai ba, ta sheƙa. Abu ɗaya kawai na iya yi, kuma har gobe ina alfahari da shi: na ɗaga bandirin sama da kaina. Ruwan ya sami kasko, ya same ni, toka da baƙin gawayi suka fantsamo mini tun daga gemu har gwiwa. Tsohuwar ta damƙi hannun rigata tana tari tana zagi, ta ja ni waje.

Gidan yana da tsakar gida mai itatuwan lemo, kewaye da baranda mai rufi. Nan duk jama'ar zauren suka fake, maza da kwat, mata da kwalliya, wasu na riƙe da takalmansu a hannu. Tsohuwa ta tsayar da ni a gabansu kamar ɓarawon da aka kama a kasuwa. Farar jallabiyar Idi ta koma ta mai sayar da gawayi, ta manne mini a jiki har ana iya ƙirga haƙarƙarina, ruwan daɓe na ɗiga daga hancina, hannuwana kuma har yanzu suna sama da bandiri, na manta ban sauke ba. Pilar na can gefe tana atishawa ba ƙaƙƙautawa.

A daidai lokacin Pako ya ɓullo daga ofis, rungume da ɗan hitan lantarki, wayarsa na jan ƙasa. Ashe ba guduwa ya yi ba. Abin da suke ɗumama bandiri da shi ya je ɗaukowa, kamar yadda suke yi duk damina tun kafin a haife ni.

Don Ramiro ya ratso mutane, fuskarsa ja wur.

"Madani! Mene ne wannan?"

"Ustazu... bandirin ne ya ji sanyi."

"Ya ji sanyi! Shi ne za ka gasa mu mu duka? Haura ka tattara kayanka!"

Mutane suka fara buɗe lema suna nufar ƙofar fita. Ni kuwa ban ga lemo ba, ban ga Pilar ba, harshen wutar matatar Yanbu kawai nake gani, da Baba zaune a bakin kwalbati yana gyaɗa kai. Na sauke hannuwana da niyyar miƙa wa Pako kayansa. Garin miƙawa, babban yatsana ya sauka a tsakiyar fatar.

Ban taɓa jin bandiri ya yi magana irin ta ranar ba. Fatar ta sha wuta daidai, barandar dutse kuma ta karɓi sautin ta mayar da shi ninki. Waɗanda suka kai bakin ƙofa suka waiwayo. Na ce a raina korarre dai korarre ne, gara a kore ni ina kiɗa. Na gyara riƙo na saki kiɗan da Kawu Sale ke rako ango da shi a lungunan Madina, mai tafiya a hankali kamar raƙumi sannan ya ɗauki gudu.

Wata dattijuwa mai baƙin mayafi ce ta fara tafi. Su mutanen can tafinsu ba irin namu na yabo ba ne, kiɗa ne mai zaman kansa, suna cusa shi a tsakanin bugu da bugu. Ta shiga daidai gurbin da na bari, kamar tare muka tashi a unguwa ɗaya. Wasu suka bi ta. Mai gogen da na sha jefa wa kujera a ƙafa ya dube ni ya dubi Don Ramiro, ya ɗaga kafaɗa, ya ɗora gogensa. Pako ya ajiye hita ya kama tafi. Pilar ta share hanci, ta ja numfashi, ta ɗauki waƙa a kan kiɗan angon Madina kamar don shi aka yi ta. Aka rurrufe lema. A barandar nan aka yi wasan gaba ɗaya, ruwa na zuba a kan lemo, zaure na can a buɗe yana shan iska, ni kuma ina tsakiya a jiƙe sharkaf ina ɗiga, ina jin kamar ni na gina Ƙurɗuba.

Da aka watse Don Ramiro ya kira ni.

"Gobe ka zauna kusa da Pako, ka ɗauki ƙaramin bandiri," in ji shi. "Kaskon nan kuma in na sake ganinsa, kai da shi zan jefa a kogi."

Bai sake ganinsa ba, don tsohuwar gidan ta ƙwace, ta haɗa da sauran turaren. Daga baya kullum na wuce ɗakinta sai in ji ƙamshin turaren amaren Umma.

Sai ga Pilar ta nufo ni. Na gyara tsayuwa, na ce ga shafin ƙarshe na littafi ya zo. Ta matso, ta shinshina kafaɗata, idanunta suka ciko da ƙwalla, ta faɗi wata magana mai taushi. Na juya wajen Don Ramiro don ya fassara mini.

"Cewa ta yi kana ƙamshin cocin da aka yi jana'izar kakarta," in ji shi. "Ta kuma ce mijinta na gayyatarka cin abinci."

"Mijinta?"

Ya nuna Pako da haɓa. Nan take Zuhairu da Wallada suka koma inda suka fito.

Na ƙarasa koyon aikina har ƙarshe, ina zaune kusa da mijin Pilar, wanda ya zama babban abokina. Gurbin Yanbu wani ɗan uwanmu ya samu, yana can har ya yi tumbi. Da na dawo na ba da labari a tsakar gida, Baba ya yi ta ƙoƙarin ɗaure fuska har dariya ta ci ƙarfinsa, ya ce, "Yalla, Allah Ya yi albarka, amma kada ka kusanci gonata da ashana." Umma kuwa ba gobarar ce ta dame ta ba.

"Tafin hannu? Har biyu? Turaren amare ka zuba wa matar wani?"

Abin da na koya dai ba shi da yawa. Kafin ka tashi ceton mutane da wuta, ka fara tambaya ko suna da hita a ofis. Kafin ka raɗa wa 'ya'ya suna, ka tambaya ko dogon nan marar magana wane ne. Turare kuma, ko don wa za a sa shi, bakin cokali ya isa.