Bular Kyauta a Rafin Kurmin Mashi

Jama'a, ku taya ni murna, yau da riga mai tagogi na dawo daga sallar Juma'a. Ina ɗaga hannu zan yi kabbara sai na ji kyaat! hammata ta buɗe. Na yi ruku'u, baya ya bi sahu. Kafin liman ya sallame, na bayana ya haddace haƙarƙarina kaf.

Ga yadda aka yi. Maƙwabcina Ila ɗan wanki da guga ne, a rafin bayan unguwarmu yake cin abincinsa tun ana kashe sulalla. Ran Litinin ya faɗo mini zaure yana haki.

"Malam, manya sun tuna da mu! An sako mana bula kyauta!"

Na bi shi. Wallahi rafi ya rine shuɗi tun daga bakin bututun sabon kamfanin nan na haɗa sinadarai. 'Yan wanki har da rawa. Kowa ya kwaso fararen kaya yana tsomawa, wai daga yau mai kanti ya riƙe bularsa. Ni ma da shegen son banza na ruga na ɗauko babbar rigata ɗaya tilo. An ce araha ba ta ado, to ina ga kyauta?

Riga dai ta yi fari tas, ashe yadin ya ruɓe a tsaye. Wannan mai sauƙi ne. Kafin Laraba fatar hannun Ila ta saluɓe, ko sabulu ba ya iya riƙewa, masu kaya kuma sun yi masa layi a ƙofar gida. Ɗan wanki ba hannu, da me zai ciyar da iyali? Abin ya ci mini rai, muka kai kuka.

Allah ya ja zamanin manyanmu, ba su yi nawa ba. Jiya Alhamis sai ga Ranka-ya-daɗe Sarkin Duba Ruwa Ta Gilashin Mota, har da saukowa ƙasa. Ya yi mana albishir cewa bana ribar kamfani ta ninka, injin tace ruwa kuwa ribar zai cinye, wa zai so haka? Ya ce duk ƙasar da ta ci gaba rafinta launi gare shi, mu ne dai idonmu bai saba ba.

"An gwada ruwan nan," in ji shi, "jariri ma zai sha."

Ladidi matar Ila mace ce mai tarbiyya. Ta wanke kwanon sha, ta ɗebo daga rafin, ta durƙusa har ƙasa.

"Ranka ya daɗe, baƙo ba ya barin unguwarmu bai jiƙa maƙoshi ba."

Ya dubi kwano, ya dubi direba. "Ayya, baiwar Allah, azumi nake yi."

Goro ne cike da bakinsa, ja wur. Muka haɗa baki muka ce Allah ya karɓi ibada.

Mota ta tashi. Ila yana nan zaune a zaure da hannuwa naɗe cikin tsumma, Ladidi ce ke ba shi tuwo a baki. Na yi dariya har na gaji, na shiga ɗaki ƙwalla ta zubo mini.

Af, na kusa mantawa. Da hantsin nan rafin ya koma ja. Don girman Allah kada kowa ya gaya wa Hajara mai zoɓo.