Likitan tattasan Illa

Shekarar da ruɓewar saiwa ta faɗa wa tattasai a fadamar Keita, ni kaɗai malamin gona ya ba maganin feshi in gwada. Na goya famfo, jama'a sunka taru. Ina feshi da baya-baya kamar yadda anka koya mini, ina bayani har da Faransanci, ban san na tsallake iyakar garkata ba. Ba wanda ya ko yi tari.

Magani ya ci, wallahi! Tattasai ya yi jawur, kowa ya shaida. Sai dai a garkar taubashina Illa. Tawa, fangalin farko kaɗai ya tsira.

Har yau in mun haɗu a kasuwa sai ya ɗaga murya: "Likita, yaushe za ka zagayo? Majinyatanka na gaishe ka!"