Ranar da Jatau Ya Binne Fumfuna

A ƙauyen Kwarin Gawo akwai wani magidanci da ake kira Jatau. Ƙaƙƙarfa ne, ba ya ƙarya, ba ya ƙiwa, sai dai yadda magana ta fito daga bakinka haka zai aikata ta, ba ragi ba ƙari. Yana zaune da matarsa Tabawa da tsohuwarsa Iya Kande. Tabawa ta koyi auna magana tun ran da ta ce ya sa wa tukunya ido, ta dawo ta tarar girarsa ta babbake.

Shekarar da itacen girki ya yi wuya, har mata kan kai azahar a daji kafin su haɗa dami ɗaya, sai aka turo wani malamin gona, Malam Ilu. Ya tara mutane ya ce su daina ƙone kara da totuwar masara. Ya ɗaga wata kwalba mai farin abu kamar auduga, ya ce fumfuna ce. In an daddatsa kara aka jiƙa aka zuba ta, za ta cinye shi ta bar ruwa mai zaƙi, a tsima ruwan a tace, a sami man da risho zai ci. Ƙauyen da gwajinsa ya yi kyau, nan za a kafa injin tace man. Kowa ya ce aikin ƙazanta ne, sai aka haɗa Malam da Jatau.

Wata rana Malam Ilu ya so ya nuna wa mutane cewa fumfuna 'yar uwar abin nan ce da ke tsirowa a kan ruɓaɓɓen kututture. Ya ce, "Jatau, samo mini naman kaza." Jatau ya shiga gida ya yanka kazar Tabawa mai kwanci, ya fige, ya kawo. Malam ya ce, "Ba wannan ba, lemar kwaɗi nake nufi." Jatau ya nufi rafi, ya wuni yana bin kwaɗi. Da la'asar ya dawo jiƙe sharkaf ya ce, "Malam, duk na duba su, ko ɗaya ba mai lema. Matalauta ne." Kwana uku Tabawa ba ta sa masa gishiri a miya ba.

Wata rana Malam yana bayani ya ce, "Sukarin nan yana cikin kara a ɗaure, aikinmu mu kwance shi." Jatau ya ɗauki wuƙa ya bi gari yana yanke igiyar duk karan da ya gani a ɗaure. Ya kwance damman Mai Unguwa, ya kwance rumfar mai tsire, ya zo kan dangar banɗakin Liman, alhali Liman na ciki tsugune da buta. Danga ta kwanta, Liman ya bayyana ga masu zuwa rijiya. Jatau ya gaishe shi da ladabi, ya tambaya, "Allah gafarta Malam, ko ka ga sukari ya zubo ta nan?" Amsar da Liman ya ba shi ba ta cikin kowane littafi.

Wata rana aka zuba kara da fumfuna a duro. Malam zai tafi birni, ya ce, "Kullum ka bari ta sha iska." Kowace safiya sai Jatau ya ɗora duro a baro, ya zaga da shi kasuwa, ya kai shi bakin titi ya ga motoci, rana na dukansa har azahar. Da Malam ya dawo bayan mako guda, ya tarar kara ya bushe ƙayau, farin abin ya koma toka-toka. Ya zauna a ƙasa ya dafe kai, don saura kwana ashirin manyansa na wurin aiki su zo duba gwaji, kuma kwalbar ke nan guda ɗaya. Ya ce, "Ta mutu, Jatau. Ka kashe ta. Je ka binne ta, kada in ƙara ganinta."

Jatau ya yi kuka sosai, don ya saba da ita. Ya yi mata wanka da ruwa mai yawa, ya naɗe karan cikin buhun algarara, ya haƙa kabari a inuwar tsamiya. Ya jera itace a kai yadda ƙasa ba za ta taɓa mamaciya ba, ya rufe, ya yayyafa ruwa. Ya nemi Liman ya zo ya yi salla, Liman ya jefe shi da takalmi. Kullum Jatau kan je ziyara da tulu, ya ƙara yayyafi. Iya Kande ta ce, "Ko ubanka bai sami wannan gata ba."

Ranar da manya suka zo, shugabarsu, wata Hajiya mai tabarau, ta ce a nuna mata aiki. Malam Ilu ya fara in-ina. Jatau ya ce, "Ranki ya daɗe, Allah ya yi mata rasuwa, amma in kina son ziyara ga makwancinta can." Hajiya ta ce a tone. Da aka ɗaga itacen sai ga buhu ya yi fari fat, kara ya yi laushi kamar dafaffen rogo. Sanyi da laima da 'yar iskar da ke ƙarƙashin itace, ashe abin da fumfuna ke nema ke nan tun farko. Aka jiƙa aka matsa, Hajiya ta auna ruwan da wani ɗan gilashi, ta ce duk ƙauyuka tara da ta zaga ba ta ga mai zaƙinsa ba. Nan za a kafa injin.

Ta tambayi Jatau, "Wa ya ba ka wannan dabara?"

"Malam ne ya ce in binne."

Malam Ilu ya gyara hula, ya yi tari, ya ce ai dama yana cikin tsari. Hajiya ta dubi jama'a ta ce, "Irin wannan malami, ku riƙe shi hannu bibbiyu, kada ku bari ya tafi."

Kafin ta rufe baki Jatau ya cafke Malam ta ƙugu. Motar manya ta tashi, Malam na wutsil-wutsil yana cewa jakarsa na ciki, Jatau ko gezau. Sai da Tabawa ta zo, ta auna maganarta tsaf, ta ce, "Buɗe hannun dama. To, buɗe na hagu."