Zogalen da ya cinye daddawar Inna

Tun da na ji a rediyo cewa shara ma dukiya ce, na naɗa kaina ministan muhalli na gidanmu a Illela. Na hana leda shigowa, na haƙa rami a gindin zogale, na kafa doka: duk abin da ya ruɓe a zuba nan ya zama taki.

Wata safiya hancina ya ja ni bayan rumbu. Na tarar da tukunya an rufe da tsumma, cikinta wani abu baƙi yana ta wari. Na girgiza kai don sakacin mata, na juye shi a ramin, na bi da toka da kashin awaki, har na wanke tukunyar tas.

Sai ga Inna, mahaifiyata, tana salati.

"Wa ya taɓa mini daddawar batso?"

Na ce, "Wace daddawa kuma, Inna? Abin nan fa ruɓewa ya yi."

"To, da me kake so ta yi? Da ita fa za a yi miyar sunan ɗanka jibi!"

Na leƙa cikin tukunyar da na wanke tas. Wannan ruɓa taki ce, waccan ruɓa miya ce, kuma rediyo bai faɗi yadda ake bambantawa ba. Wallahi har yau ban gane ba.

Yanzu duk ranar da miya ta yi lami, matata sai ta ce, "Minista, ɗauki tuwonka ka je gindin zogale, can ɗanɗanon yake."