Yadda Hukuma Ta Kurmantar Da Ƙanena

Ranar Litinin da ta gabata na tura ƙanena a keken guragu zuwa cibiyar koya wa masu buƙata ta musamman sana'a. Na shiga da shi yana gurgu, na fito da shi yana kurma, da sa hannu da hatimi. Ina roƙon masu karatu su bar ni in jero lamarin daki-daki, domin a zamaninmu ba a fara gini daga rufi.

Ƙanen nawa tela ne, shekara talatin da ɗaya yana ɗinki. Hatsarin mota ya raba shi da ƙafafunsa biyu, keken ɗinkinsa kuwa na takawa ne. Tun daga nan yake wuni a bakin ƙofa yana kushe ɗinkin masu wucewa. Kwanan baya mai wata masana'antar ɗinka kayan 'yan makaranta ya ce yana da keken lantarki da ake sarrafawa da hannu, zai kuma ɗauke shi aiki in ya kawo takardar shaidar cibiya kafin Juma'a. In ta wuce, akwai mutum tara a layi.

Muka tarar da Babban Jami'in Tantancewa, Allah ya ƙara masa nisan kwana a kan kujerarsa. Ya dube ni ta saman kan ƙanena, ya ce, "Baba, yaya sunansa?"

Mai sunan ya buɗe baki zai amsa, sai jami'i ya ƙara da cewa, "Yana gane mutane? Yana iya cin abinci da kansa?"

Ƙanena ya rufe baki, ya harɗe hannuwa. Mu a gidanmu in aka yi mana haka, shiru muke yi. Mahaifinmu ya taɓa yin wata huɗu bai ce wa maƙwabci uffan ba a kan abin da bai kai wannan ba.

A bango akwai wani jadawali da ya tsufa har ya yi ja: makafi saƙar kujera, guragu gyaran takalma, kurame ɗinki. Na ce, "Ranka ya daɗe, idan gurgun tela ne fa?"

"Babu wannan a jadawali. Zai yi wata tara yana koyon takalma."

"Wanda ba shi da ƙafar sawa?"

"Haka muka tarar, Baba."

Shekara arba'in ina kashe bakin 'ya'yana da wannan kalma. Ban san haka take da ɗaci ba sai da aka ɗura mini ita a gaban jama'a.

Daga nan jami'i ya tuna an koya musu nuna kulawa. Ya sunkuya daidai kunnen ƙanena ya kwarma, "SANNU, KA JI!" Ƙanena ya ci gaba da kallon bango.

"Af! Ashe ba ya ji ma. Ai da kun faɗa tun farko. Fom ɗinmu daga kai yake farawa ya gangaro, in lalura biyu ta haɗu, ta sama ake bi." Ya zana biro a gidan kurame, ya ce, "Ɗinki ke nan. Akwai gwaji ranar Laraba."

Ni mutum ne da ba a taɓa kamawa da ƙarya ba. Na gyara murya zan warware kuskuren, sai na ji tayar keken guragu ta hau babban yatsana ta tsaya. Na yi bitar duk shari'o'in da na sani, ban tuna inda aka hukunta mutum don ya yi shiru ba. Na ce, "Mun gode, ranka ya daɗe."

Ranar Laraba aka shigar da shi ɗakin gwaji, kujeru ashirin, masu zama shida. Kuramen gaskiya ba su yi minti biyu ba suka gano shi, domin almakashi ya faɗi a bayansa ya waiwaya. Wata dattijuwa daga cikinsu ta dube shi, ta dubi malamin gwaji, ta ɗora yatsa a leɓenta. Aka ba shi aljihu ya ɗinka. Ya juya keken ɗinkin da hannu ya gama, sannan ya nuna wa malamin da yatsa inda wuyan rigarsa ya karkace.

Ranar Alhamis aka raba takardu, bayan Mai Girma Uban Marasa Gata, mai wakiltar mazaɓarmu, ya yi jawabin awa biyu a kan muhimmancin sauraron nakasassu. Juma'a da safe ƙanena ya kama aiki.

Da na kai wa matarsa takardar, ta karanta a tsanake ta ce, "Yaya, ni shekara talatin ina faɗa muku ba ya ji. Sai yau hukuma ta tabbatar."

Maƙwabcina direba kuwa tsoro ya ba ni. Ya ce, "Dattijo, in suka zo duba shi a wurin aiki fa? Asiri zai tonu."

Na ce, "Sai sun yi masa magana tukuna. Mai masana'antar za su tambaya ko yana gane zare."

Saboda haka ina jinjina wa cibiyar nan, wadda ta sama wa tela aikin ɗinki cikin kwana biyar, kuma ba da gangan ba. Na ma karɓo fom guda na ajiye wa Mai Girma. Shekara da shekaru muna kiran sa bai waiwayo ba, na kuwa san gidan da za a zana masa. Ko ba komai, ranar da kujera ta kuɓuce yana da sana'a a hannu.