Rasuwar Shuɗin Kundi Mai Shafi Ɗari Biyu da Sha Ɗaya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ni da ke zaune a teburin kusa da taga nake sanar da abokan aiki na hawa na uku rasuwar abokin zamana, Shuɗin Kundi, wanda ya riga mu gidan gaskiya ranar Litinin da hantsi, yana da shekara goma sha uku.

Ga waɗanda ba su san marigayin ba: sashenmu ne ke kula da manhajar da ke karanta fayilolin da kwamfuta ke fitarwa kafin a haɗa su su zama shiri guda. Marigayin shi ne littafin da ke bayyana wa ma'aikata cikin waɗannan fayiloli: ina kai, ina jiki, me ke bin me. Ni na rubuta shi, ni na huda takardunsa, ni na sa shi a bango mai zobe uku.

Marigayin mutum ne mai riƙe magana. Ya ce girman kan fayil, a ma'aunin kwamfuta, bayit arba'in da takwas ne, kuma ko da muka mayar da shi sittin da huɗu shekara tara da suka wuce, bai janye ba. Babi na bakwai kuwa jimla ɗaya ce tak, “Za a kammala wannan sashe nan gaba,” kuma ya riƙe wannan alkawari har ƙarshen ransa ba tare da gaggawa ba. Bai taɓa ɗaga wa kowa murya ba. In an buɗe shi ya ce ƙwas, in an ajiye shi ya ce tim, shi ke nan.

Babban alherinsa shi ne sada zumunci. Duk wanda ya bi umarninsa sau da ƙafa, aikinsa zai rushe kafin azahar, sai ya rungumo marigayin ya nufo teburina, ido ya yi ja. Ni kuma in gyara zama, in cire tabarau, in nuna masa inda littafin ya ɗan yi tuntuɓe. Wurare talatin da shida ne, kuma ni kaɗai na san su duka. Ta haka na san sunan 'ya'yan kowa, na sha shayin da ban dafa ba, har Dogo mai gwajin manhaja ya laƙaba mini Babi na Bakwai. Kowace shekara shugaban sashe kan ce in sabunta littafin, ni kuma in ce da zarar aiki ya lafa. Allah da ikonsa, aiki bai taɓa lafawa ba.

Ciwon ajalinsa ya fara ne wata biyu da suka wuce, da aka dawo mana da wata ma'aikaciya daga hawa na biyar, wadda ake kira Mai Jan Biro. Ta zo da tambaya ɗaya kamar kowa, amma ba ta tashi ba. Washegari ta dawo, jibi ma haka. Ban taɓa samun mai sauraro irinta ba. Sai ta ce, “Yallaɓai, ɗan maimaita a hankali, kaina ba ya ja kamar naka.” Kaina ya kumbura, na yi ta zuba. Har abin da ba ta tambaya ba na ƙara mata. Na gaya wa matata cewa yau dai ofis ya san darajar ilimi, ta dube ni ta ce, “Kai dai ka iya bakinka.” Ban gane ba sai da ta faru.

Ranar Litinin saƙo ya shigo wa kowa: sabon bayanin fayilolin da Mai Jan Biro ta rubuta ya hau kan shafin intanet na ofis, ana iya bincika shi da kalma ɗaya, babi na bakwai ya kai shafi goma sha huɗu. Na kwana biyu ina neman kuskure a ciki. Na sami waƙafi ɗaya da ya ɓata, na tura mata, ta gyara cikin minti biyu, har da godiya. Duk maganata ce a ciki, ba ragi ba ƙari. Da bakina na kashe shi, kuma ina murmushi lokacin.

Marigayin ya rasu ya bar 'yan takardu masu manne guda arba'in da ɗaya, da kwafin babi na uku da ke zaune a aljihun teburin Dogo, da tabon kofin shayi a shafi na casa'in, sai kuma ni. Tun ranar, mutum ɗaya ne ya tsaya a teburina, shi ma caja ya zo aro. Ba zan ɓoye muku ba, abin ya yi mini ciwo fiye da yadda nake zato.

Iyalan mamacin ba su riƙe Mai Jan Biro a zuci ba. Aikinta ya yi kyau, abin haushin ke nan.

Za a yi jana'izarsa ranar Alhamis da ƙarfe goma sha ɗaya na safe, a gaban injin yanka takarda da ke ƙarshen baranda, kusa da firinta. Za a fara cire zobban, domin injin ba ya cin ƙarfe. Injin yana ɗaukar shafi takwas ne a lokaci guda, don haka masu rakiya su zo da haƙuri, kuma kada kowa ya yi tayin taya ni.

Zaman makoki a teburina ne, daga fitowa jana'iza har lokacin tashi, haka ma ranakun da za su biyo baya. Ba a buƙatar kowa ya kawo komai sai tambaya ɗaya. Ko da amsarta tana shafin farko na sabon bayanin, ko da kun karanta ta da safe, ku zo ku yi ta. Ba zan nuna na gane ba.